Amsa ga amarya kan tumatir ɗin da ke zubar da fure

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma, ya gida ya yara, ya kuma wannan zafin, Allah Ya kawo mana sauƙi. Amarya na saurari muryarki tun ɗazu sai yanzu na samu zama. Kin ce kin shuka tumatir a bokitai tun farkon watan Maris, ya yi kore shar ya yi tsayi, yana fure amma furen sai ya bushe ya faɗi ko ɗa ɗaya bai kama ba, kina tambaya ko takin zamani za ki ƙara masa.

Toh ƙanwata dan Allah kar ki ƙara masa komai, ba yunwa yake ji ba, zafi ne ya dame shi. Shi tumatir ɗan sanyi ne, kin gane, in rana ta wuce digiri 35 ɗin nan kuma dare ma bai huce ba, wannan garin da ke cikin furen wanda shi ne ke sa ya kama ɗa lalacewa yake, sai furen ya yi ta kaɗewa. Mu kuwa nan Kano a Afrilu ai 40 muke gani, ga tsakar gidanki kin ce siminti ne, ga bokiti baƙi ya sha rana tun safe, ki sa hannu ki taɓa jikin bokitin da azahar ki ji, toh a cikin wannan saiwar take zaune. In kuma kika zuba masa yuriya a haka ganye kawai zai yi ta tarawa, ya yi kyau a ido babu abin miya.

Ki duba manoman Kadawa da Kura da Bunkure mana, su da sana'arsu kenan, da sanyi suke nomansa, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris za ki ga kwando ya yi araha a kasuwar Ƴankaba har ana shanya shi a bakin titi, da an shiga damina kuma ya koma sai mai kuɗi. Ke ma lissafinsu za ki bi. Ki raini irinki a watan Oktoba in ruwa ya ɗauke, ko farkon Nuwamba, a tsohon baho ko faffaɗan roba mai huji a gindi, ki barbaɗa shi sama-sama kar ki binne shi da zurfi, bayan sati uku zuwa huɗu in ya yi ganye huɗu ko biyar sai ki yi dashe, kuma da yamma ake dashe ba da rana ba. Iri kuma gara ki saya na leda wajen masu maganin gona, irin da ake kira UTC ko Roma, dan wanda ake matsowa daga tumatir ɗin kasuwa ba ko yaushe yake fitowa irin uwarsa ba.

Wanda kike da shi yanzu in ba kya son cirewa ki matsar da shi inda zai samu ranar safe kawai, daga azahar inuwa ta rufe shi, ki ɗora bokitin kan bulo ko katako ya rabu da simintin, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Zai iya ba ki ƴan ƙwaya, amma gaskiya ni da ni ce cire shi zan yi na sa abin da ke son wannan yanayin.

Dan akwai su da yawa wallahi. Alayyahu kamar jira yake a ce masa zafi, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, kuma kar ki tuge shi, ki yanka sama ki bar gindin zai sake tohowa. Irinsa ƙanana ne sosai sai ki cakuɗa da yashi kafin ki watsa, in ba haka ba wuri ɗaya zai cunkushe. Kuɓewa ma haka, ƙwaya biyu a buhu ɗaya, ki jiƙa ta ta kwana a ruwa kafin ki shuka, wajen wata biyu kin fara tsinka, kuma ki dinga tsinkewa tana ɗanya duk bayan kwana biyu, in kika bari ta ƙosa a jiki uwar sai ta rage haihuwa. Ga yakuwa ga rama ga lalo. Zogale kuwa ko reshe kika samu wajen maƙota kika kafa zai kama, sai dai in ya kai ƙugunki ki datse kansa ya yi rassa, in kin bar shi zai miƙe ya wuce katanga sai kin nemo gora kafin ki samu na kwaɗo. Latas da karas da kabeji da lansir su kuma ki ajiye su sai hunturu tare da tumatir ɗin.

Sai maganar ƙasa, dan na ga hoton da kika turo ƙasar ta daskare kamar ta gini ce kika ɗiba. Ki samu ƙasa mai ɗan yashi kashi biyu, taki kashi ɗaya, kashin awaki ko na shanu wanda ya daɗe ya ruɓe har ya daina wari. Kashin kaji yana da ƙarfi sosai, ɗanyensa ƙona shuka yake, sai an tara shi an dinga yayyafa ruwa ya daɗe ya ruɓe tukuna. Kuma buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke ya fi baƙin bokiti, ki nannaɗe bakinsa ki huda gindin wuri huɗu ko biyar ruwa ya dinga fita.

Ban ruwa safe da yamma, a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ki tara ki ba su, amma na wanki mai omo ko bilic kar ki kusantar da shi. Kuma kar yau ki cika gobe ki manta, wannan ne ke sa ki ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa tun yana ɗanye.

Hajiya ma ta yi tambaya jiya kan wani farin zane-zane da take gani a ganyen tumatir ɗinta, bari na haɗa. Hajiya ki ɗaga ganyen ki kalli rana ta cikinsa, in siririn layi ne yana lanƙwasa wannan da sauƙi, in kuma kin ga wuri ya yi fari fal-fal kamar leda da ƴar tsutsa a ciki toh tsutsar da ake ce wa sharon ce, ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 har miya ta gagari mutane. A gida tunda shukar ba yawa ki bi da hannu ki tsinke duk ganyen da ya kamu ki ƙona, kar ki yar a gindin. Sai ki daka ganyen darbejiya ko ƴaƴanta ki jiƙa ya kwana, ki tace ki ɗan goga sabulun wanka kaɗan a ciki dan ya kama ganye, ki fesa da yamma har bayan ganyen, sati-sati. Yana rage darɓa da farin ƙuda ma. Maganin feshi na gona ni ba na son sa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, balle a kan ganyen da za ki yanka gobe ki sa a miya.

Au na manta, ƙadangaru. Ranar da irinki ya tsiro ranar za su sauko daga katanga su aske shi tas, dan haka tun kafin ya fito ki nemi tsohon gidan sauro ki kafa ƴan kara ki lulluɓe bahon, ki danne gefe-gefen da duwatsu dan ta ƙasa suke shiga.