Amsa ga ɗan'uwa mai CG125 da giya ta biyu ke fita

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da na karanta cewa Honda CG125 ɗin da ka gada wurin mahaifinka yana zame giya ta biyu da zarar ka ba shi wuta, har kana tunanin ko a buɗe injin ko ka sauke shi ka ɗora na Caina, sai da na ajiye waya na yi shiru. Allah ya jiƙan tsohon. Nawa ma na Baba ne, kuma da giya ta biyun ya fara mini.

Kada ka sauke injin nan. Tun 1975 Honda ta fito da CG don ƙasashe irin namu, inda ba kowa ke juye baƙin mai a kan lokaci ba, shi ya sa yake da jimiri haka. Kuma lambar injin tana cikin takardunka, in ka canza shi ba za su dace ba. Abin da ke damunsa ƙarami ne: a gefen kowace giya akwai 'yan ƙusoshi da ke shiga ramin 'yar'uwarta su riƙe. In bakinsu ya cinye ya zama kamar kan tsinken sakace da aka tauna, da ƙarfi ya zo sai su tura juna waje. Kai kuma kana danne liba da ƙafa don kada ta fita, a nan ne fok ɗin da ke tura giyar yake lanƙwashewa ya ƙone. Daina dannewar nan tun yau.

Amma wanda za ka ba shi, nan ne maganar take. Ni wani fita, wato makaniki, na kai wa a bayan Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, wanda aka yi ta yaba mini. Ya ce kwana uku. Sai da babur ya yi wata biyu a shagonsa, injin a warwatse cikin kwanon wanki, ruwan sama na dukansa. Duk zuwan da na yi sai yaransa su ce masta ya fita. Ranar da na ritsa shi, ina tsaye ya sa sukudireba tsakanin ɓarin injin biyu yana ɓanɓara, alhali akwai sauran sukuru ɗaya da bai kwance ba. Na ce masa masta, a hankali. Ya ɗago ya ce tun ban iya wanke hanci ba yake wannan aiki. Na yi shiru don ya girme ni, kuma har yau ina cizon yatsa a kan shirun nan. Giyar da ta cinye bai canza ba, dutse ya sa ya goge bakinta, ya cinye taurin ƙarfen. Kuɗin sabuwa kuwa ya karɓa cif.

Kwana tara da karɓowa, ranar Juma'a, na ɗauko ɗiyata daga makaranta a Aboabo, mun nufo Asawase. Ina sa ta uku sai na ji ƙas, tayar baya ta ƙame. Na damƙe kuloci, a banza. Jama'a ku riƙe wannan: in fistan ne ya kama, kuloci zai cece ka, amma in giya ce ta cije, tana bayan kuloci, babu abin da zai saki tayar. Muka ja a kan kwalta, tiroto, wato motar haya, na bayanmu yana ta hon. Yarinyar ta kurje gwiwa da hannu, hijabinta duk jini, tana kiran Baba, Baba, ni kuma ƙafata na ƙarƙashin salansa. Mata masu sayar da waake ne suka ɗaga mana babur. Abin da uwarta ta faɗa mini a daren nan ba zan rubuta shi ba. Da aka sake buɗewa, washa ɗaya ce babu, kilif kuma, wato zoben da ke riƙe giya a kan shaf, tsoho ya mayar, ya buɗe ya fice daga raminsa, giya biyu suka shiga lokaci guda. Na koma wurinsa da kilif ɗin a tafin hannu, mutumin nan ko sannu, cewa ya yi ban iya tuƙi ba. Gyaran gangar Auzinawa, ga kuɗi ga jini. Na bar shi da Allah, amma ko gaisuwa ba ma yi.

Karo na biyu ni da wani dattijo a Tafo muka yi shi a tsakar gida kan tabarma. Sai an sauke kan injin da silinda, an cire kuloci da fulawil, kafin ɓarin biyu su rabu. Notin matatar mai da ke kan kiranshaf yana da tsaga huɗu, sifanarsa daban ce, kada ka yarda a sa masa kurfi da guduma. Duk abin da ka zare daga shaf, zura shi a waya bi da bi yadda ya fito, ka ɗauki hoto. Giya kuma ba a canza ɗaya a bar abokiyarta, tsohuwar za ta cinye sabuwar. Fok in ya yi shuɗi ko ya yi zane, jefar. Kilif sabo, gasket sabo, oyil sil sabo, waɗannan ba su da tsada.

Kayan Caina sun cika kasuwa kuma a ido kamar su ɗaya ne da na CG, amma wani haƙoransa ba su kai ba, wani tsagar cikinsa ta bambanta. Tafi da tsohuwar a aljihu, ka ƙirga haƙora a gaban mai kaya. Ni tawa a cikin wani mataccen inji na samu, bayan na aika har Abossey Okai a Accra ba a dace ba. In naka mai giya huɗu ne, ka faɗa tun farko, don akwai mai biyar.

Af, baƙin mai. Injin da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, kusan lita guda. Kada ka zuba na mota, yana sa kuloci santsi, nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Ka wanke 'yar ragar da ke bayan murfin juye mai, can za ka ga garin ƙarfen giyarka. Baba kullum da kananzir yake wanke ta ranar Asabar, ni ina riƙe masa kwano, har yanzu in na ji warin sai na tuna shi.

Kafin a ɗaure injin gaba ɗaya, haɗa ɓarin biyu, ka juya shaf da hannu, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ka dawo furi. In ta ƙi shiga a kan tabarma, ba za ta shiga a titi ba, sake buɗewa. Kuma satin farko kada ka ɗauki kowa a baya. Turo hoton giyoyin in an buɗe, ina da fok guda da ya rage, in ya yi daidai ka zo Aboabo bayan la'asar ka karɓa.