Zaren fatsa mai kitso: sili huɗu ko sili takwas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aiki a Legas ya aiko min da zaren fatsa kala biyu, irin wanda aka kitsa kamar gashi. Ɗaya an rubuta X4 a kwalinsa, ɗayan X8, kowanne kuma da PE 3. Ni tun tasowata nailan na sani. Shin X8 ya ninka X4 ƙarfi ne? Wanne zan ɗaura wa giwan ruwa? Daga mai karatu, Yauri, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa ƙanen naka da alheri. Amma X8 bai ninka X4 ƙarfi ba. Lambar nan adadin silin da aka haɗa aka yi kitson ne kawai. Tunda kaurinsu ɗaya, abin da aka yi shi ne a ɗaya an kitsa sili huɗu masu kauri, a ɗayan sili takwas sirara. PE 3 kuwa ma'aunin kauri ne na Japan, wajen milimita 0.28. Nailan mai wannan kauri da kyar ya ɗauki kilo shida, kitso kuwa yakan ninka haka sau uku.

Ka ja kowanne tsakanin farcenka biyu. Mai huɗu za ka ji kaushi-kaushi, har da ɗan ƙara. Wannan kaushin shi ke sa ya yanki ciyawar ruwa, kuma silinsa masu kauri sun fi jure gogayya da itace. Mai takwas sumul yake, ya fi zagaye, yana fita daga injin naɗi ba gardama, jifansa ya fi nisa, kuɗinsa ma ya fi. Idan ba sanda mai inji gare ka ba, wannan santsin bai ƙara maka komai ba.

Abin da ya fi adadin sili muhimmanci shi ne da me aka yi silin. Mai kyau da wata irin roba ake yin sa, dangin wadda ake leda da ita, sai dai an ja ta an miƙar har ta yi ƙarfin gaske. Sunaye biyu suka shahara: Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, da Spectra wanda kamfanin Honeywell na Amurka ya daɗe yana yi. Asalinsu ɗaya ne. Tsohon yayi shi ne Dacron, wanda foliyesta ne, ya fi kauri nesa ba kusa ba kafin ya kai wannan ƙarfi.

A nan ake cutar mutane. Na taɓa sayen wani kore shar a wani shago, kwalinsa na sheƙi, ashe foliyesta ce aka kitsa. Tarwaɗa da ba ta kai kilo uku ba ta tsinka shi. Tun ranar ba na ɗaura sabon zare sai na yanki ɗan guntu, na jiƙa shi sosai, na danna shi da yatsa har gindin kofin ruwa. Na gaskiya bai kai ruwa nauyi ba, a hankali zai taso. Foliyesta da nailan can ƙasa suke zama.

Sai ka san halinsa. Nailan yana talewa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, shi kuwa kitso kusan ba ya talewa. Ko ƙaramin kurungu ya taɓa abincin za ka ji a hannunka, amma idan giwan ruwa ya fizga, duk ƙarfin a kan ƙugiya da hannunka zai sauka. Don Allah kada ka naɗa shi a yatsa ko a tafin hannu yadda muka saba da nailan. Na ga ya shiga naman yatsan wani saurayi kamar reza, cikin ƙiftawar ido. Ka naɗa a guntun itace, ko ka sa safar hannu ta fata. Zafi ma ba ya so, wajen digiri 150 yake narkewa, kada a bar shi kusa da murhun banda.

Ga giwan ruwa, ni mai huɗun zan ɗauka, musamman inda akwai kututture a ƙarƙashin ruwa. Amma kada ka kai shi har bakin ƙugiya. Kaifin dutse da marfin kunnen kifin suna cin kitso da sauri, ga shi kifi na ganinsa. Ka haɗa masa nailan mai kauri, tsawon kamar kamu uku, a gaba. Wurin ƙulli kuma ka ninka zaren biyu, ka ƙara zagaye fiye da yadda ka saba, domin santsi gare shi, ƙullin nailan na yau da kullum zamewa yake yi.