Tambaya da Amsa: Wace kujerar mota ce ta dace da yarinya 'yar shekara huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Birnin Kebbi. 'Yata shekararta 4, nauyinta kilo 16. Babanta ke kai ta nazare kullum, kuma muna yawan zuwa Argungu gaida iyaye. Tun ranar da ya taka birki da ƙarfi saboda wani ɗan kabu-kabu, ta bugi bayan kujera leɓenta ya fashe, hankalina bai kwanta ba. Na ga kujerar yara a wajen 'yan gwanjo, na kuma ga wata ta yadi mai araha a intanet. Mahaifiyar maigidana kuwa ta ce ɓarnar kuɗi ce, ita za ta riƙa ɗora ta a cinya. Don Allah wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Zan fara da maganar Inna, wato mahaifiyar maigidanki, domin ita ce ta fi haɗari cikin abubuwa ukun da kika ambata, kuma ita na fi ji a bakin iyaye idan an kawo mana yara sashen gaggawa: "Wallahi Likita ina riƙe da shi."

Ba na musu, tana riƙe da shi. Sai dai hannun mutum ba zai iya wannan aiki ba. Idan motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, ta daki abu ta tsaya cak, jikin yaro yana ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma ƙarfin da zai fizge shi yana kai ninkin nauyinsa sau 20 zuwa 30. 'Yarki mai kilo 16 za ta koma kamar buhun siminti takwas a hannun kakarta, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ko ɗan kokawa ba zai riƙe ba. In kuma Inna ba ta sa bel ba, kamar yadda yawancin masu zaman baya suke yi, to yarinyar ce za ta fara isa kujerar gaba, sannan nauyin Inna gaba ɗaya ya sauka a bayanta ya matse ta. Wasu da suke ganin sun yi dabara sai su ja bel ɗaya ya zagaye babba da yaro tare. Wannan ya fi muni, don bel ɗin zai tare yaron daga gaba, babban ya danne shi daga baya.

Akwai wani rauni da ke ba ni takaici. Za a kawo yaro yana magana, yana ma neman ruwa, ba jini ko ɗigo, sai wani jan layi da ya ratsa cikinsa ƙasa da cibiya. Iyaye su yi hamdala su ce a sallame su. Bayan wasu awanni ciki ya ɗaure, amai ya fara, a shiga tiyata a tarar hanji ya yage. Bel ɗin manya ne ya yi wannan, domin an yi shi ne don ya zauna a kan ƙashin ƙugu, a jikin ƙaramin yaro kuwa hawa yake yi kan tumbi. Duk yaron da aka ga wannan layi a cikinsa bayan haɗari, asibiti za a kai shi, ba wajen mai ɗori ba, ba kyamis ba.

Kada kuma a ce mini "ai nan da nan ne, makaranta kawai za mu." Birkin da ya fasa leɓen 'yarki a cikin gari aka taka shi. Haka uban da ke ɗora yaro a cinya yana tuƙi ranar Sallah don ya faranta masa, ko yaron da ke tsaye tsakanin kujerun gaba biyu: jakar iskar da ke sitiyari da ta gaban fasinja don ƙaton mutum aka yi su, bugunsu kaɗai na iya karya wuyan yaro. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa duk wanda bai kai shekara 12 ba baya zai zauna, amma direba yakan rataya bel idan ya hango jami'ai, ya cire da zarar ya wuce, yara biyar da ke baya kuwa ba mai leƙa su.

Ta yadin nan ta intanet, ki manta da ita. Ƙyalle ne da igiyoyi, ba ƙashin roba mai ƙarfi, ba abin da zai kare kai daga gefe. Masu tallanta kuɗi kawai suke nema.

Abin da za ki nema shi ne kujera mai madauri biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Nauyi da tsayi ake bi, ba shekaru ba, don haka ki auna tsayinta kafin ki fita. Ki juya kujerar ki duba lambar sheda. Na Turai suna da tambari ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira, an rubuta R44/04 ko R129, na Amurka kuma FMVSS 213. Madaurin yawancin na Turai a kilo 18 ko santimita 105 yake tsayawa, 'yarki ta kusa, saboda haka kada ki sayi wadda aka rubuta kilo 9 zuwa 18 kawai. Ki nemi mai kilo 9 zuwa 36, wadda ake cire madaurinta daga baya ta koma kujerar ɗagawa, wato wadda ke ɗaga yaro don bel ɗin mota ya zauna masa daidai, ko irin ta Amurka da madaurinta ke kai wajen kilo 29. Mai sayarwa zai ce miki ta wuce kilo 15, kujerar ɗagawa ta ishe ta. A takarda haka ne, amma 'yar shekara huɗu barci take yi kafin a kai Argungu, ta zame, ta tura bel ɗin kafaɗa bayanta. Ki bar ta a madauri har ta cike iyakarsa. Bel ɗin mota shi kaɗai sai ta kai wajen santimita 145 zuwa 150.

Gwanjo kuwa, na san tsadar sabuwa, ba zan ce haramun ba ne. Matsalar ita ce ba ki san ko ta taɓa shiga haɗari ba, tsagewar ciki kuma ba a ganinta. Ki duba ranar ƙira a ƙasanta; kamfanoni kan ba su wa'adin shekara 6 zuwa 10, zafinmu da ke wuce digiri 40 a bazara kuma yana gasa roba. Wadda ba tambari, ko madaurinta ya tsage, ko wani tela ya gyara mata shi, ki bar masa kayansa. Wadda kika san gidan da ta fito ta fi.

Saura ɗaurawa, nan ne akasari ake ɓata abin. A kujerar baya za ta zauna. Ki sa hannu a lungun da mazauni ya haɗu da majingina, yawancin motocin Kwatano na bayan 2002 suna da ƙarafa biyu a wurin da ake maƙala kujerar yara, ana kiransu ISOFIX ko LATCH. In babu, bel ɗin mota ya wadatar idan an bi hanyar da aka zana a jikin kujerar. Kada a manta da igiyar sama mai ƙugiya, ita ke hana kai jefuwa gaba. Bayan an ɗaura ki girgiza ta daga gindi, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Madaurin ya fito daidai kafaɗa ko sama kaɗan, a ja shi har ki kasa tsunkule shi da yatsu biyu. A cire mata jakar makaranta da rigar sanyi mai kauri lokacin hunturu kafin a ɗaure ta. Da rana kuma ki taɓa ƙarfen maɓallin da hannunki tukuna, yana ƙona cinyar yaro.

Inna kuwa, kada ki yi jayayya da ita. Ki bar wa ɗanta ya yi mata bayani, a ba ta wurin zama kusa da jikarta, ita ma a sa mata bel.