Ƙafafun Kabon Na Tsere: Amsa Ga Bello

Bello, ka ce wani kwastoma da ke shirin gasar tirayatalon ya nuna maka hoton ƙafafun keke na kabon, wato abin nan marar nauyi mai ƙarfi da ba ƙarfe ba, masu zurfin rim, yana so a yi masa odarsu, kuma kuɗinsu ya kai na sabon babur. Kana tambaya ko sun cancanci kuɗin. Ajiye sifanar nan ka zauna, domin amsar ba ta tsaye ba ce.

Ƙafafun suna aiki, ba yaudara ba ce. Amma a jerin abubuwan da mutumin nan yake bukata su ne na ƙarshe, shi kuma yana so ya fara da su.

Ka fara sanin gasar. Iyo ake yi, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu da ƙafa, ba hutu a tsakani. A ma'aunin Olamfik, iyo kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10, kuma an shigar da ita Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Babbar, wadda ake kira Ironman, ta fara a tsibirin Oahu na Hawai a 1978: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42. Ka ga a keke aka fi daɗewa, shi ya sa hankalin kowa yake kansa.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, abin da ke riƙe mai keke ba nauyi ba ne, iska ce. Kuma lissafinta ba ya tafiya daidai da gudu. In ka ninka gudunka, turjiyar iska ta ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka zuba a feda don ka keta ta kuma ya ninka sau takwas. Daga kilomita 30 a awa zuwa 40 kawai, ƙarfin da iska ke ci ya haura ninki biyu. Rim mai zurfi, na milimita 50 ko 60 ko 80, amfaninsa shi ne iskar da taya ta tsaga ta bi jikinsa ta sake haɗewa a baya cikin laushi, maimakon ta tarwatse tana juyi tana ja da keke. Wayoyin ƙafar kuma sun gajarta, sun ragu, ba sa dama iska kamar na kekunan da muke ɗaurewa kullum. A kilomita 40, abin da ake samu ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu idan an gwada da ƙafafun alminiyom na gama-gari. Ga wanda ke neman na ɗaya, minti guda duniya ce. Ga wanda har yanzu numfashi ke yanke masa a iyo, ba zai ma san ya samu ba.

To ina sauran iskar take tafiya? Jikin mutum. Kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar nan ƙirji ne da kai da kafaɗu da cinyoyi ke jawo ta. Keken gaba ɗayansa ragowar yake ɗauka, ƙafafun kuma wani yanki ne na ragowar. Akwai labarin da nake so ka riƙe. A tseren zagaye Faransa na 1989, ranar ƙarshe, Laurent Fignon yana gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 daga garin Versailles zuwa Faris, kowa shi kaɗai da agogo. Fignon ya fito da ƙafafu rufaffu kamar faifai, ba wayoyi, gaba da baya, ba hular kwano, hannuwansa a buɗe a kan kai irin na da. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa sandunan nan biyu da 'yan tirayatalon suke amfani da su, ya ɗora gwiwar hannu a kai, ya matse kafaɗu, ya sa hula mai tsini a baya. Ya cinye daƙiƙa 50 ɗin, ya ƙara 8 a kai, ya ɗauki gasar sati uku da tazarar daƙiƙa 8. Ban ce sandunan kaɗai suka yi ba, mutumin yana da ƙafa. Amma ka lura wanda ya gyara zamansa ne ya ci wanda ya fi shi rufaffun ƙafafu.

Sandunan nan kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ƙafafun ba. In ka ɗaura su, sai ka ɗan turo sirdi gaba, ka duba tsayinsa, ka tabbatar mutum zai iya zama a haka awa guda ba tare da bayansa ya riƙe ba, tunda gudu da ƙafa yana jiransa. Bayan haka riga mai kama jiki wadda ba ta kaɗawa, da hula, da taya mai kyau mai laushin roba, da sarƙa wankakkiya. A garin nan da ƙura ke haɗuwa da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, sarƙa kaɗai tana satar ƙarfin da mutum bai sani ba.

Yanzu zo mu dawo Sakkwato, domin masu tallan ƙafafun nan ba hanyar Illela suka gwada su ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, kuma a filin da babu itace ba abin da ke tare ta. Ka taɓa ɗauko fallen kwano a babur iska ta bugo ka ta gefe? Haka rim mai milimita 80 yake yi a ƙafar gaba, kuma ita ce ke riƙe da kai. Ƙara da tirela da za ta wuce ta watso maka tata iskar alhali hannuwanka suna kan sanduna, nesa da birki. A gasar duniya ta Ironman da ake yi a garin Kona na Hawai, saboda irin wannan iska ta gefe, an hana hawa rufaffiyar ƙafa baki ɗaya. Mutum marar jiki ya fi shan wahalarta.

Sai ramuka. Rim na alminiyom in ya daki rami lanƙwasa yake yi, mu miƙe shi, mu ja wayoyi, ya koma aiki. Kabon tsagewa yake, wani lokaci daga ciki inda ido ba ya gani, kuma ba mu da abin ɗinke shi a nan. Wallahi ba zan bar mutum ya gangara da gudu a kan rim ɗin da nake shakka ba, ko nawa ya saye shi. In birkin kekensa na roba ne mai kama gefen rim, dole a sauya robar da irin ta kabon, kuma rim ɗin ba ya son zafin birki mai tsawo, ga mu a garin da bazara ke haura digiri 40. Ran ruwan sama kamun birkin yana raguwa. Mai birkin faifai ya huta da wannan. Ƙaya kuwa ba ruwanta da tsada: faci ɗaya a tsakiyar gasa ya cinye duk mintin da aka saya, har da riba. Kuma tif mai dogon bawul da zai leƙo ta rim mai zurfi ba kowane shago a Tsohuwar Kasuwa ke da shi ba.

In ya nace sai ya saya, kada ka hana shi, kuɗinsa ne, amma ka yi aikinka. Ka ƙirga giyar baya ka ga ko za ta hau sabuwar ƙafar. Ka duba irin sandar da ke riƙe ƙafa a jikin firam. Ka tabbatar faɗin rim ya ɗan ɗara na taya, domin taya mai kumburi a kan siririn rim tana ɓata duk amfanin da aka saya. Zurfin gaba kada ya wuce 50, na baya yana iya fin haka. In na gwanjo ne, ka wanke shi, ka kai shi rana ka bi shi da ido, ka ƙwanƙwasa da kwabo zagaye. Inda sauti ya mutu akwai ciwo. Sitikar manyan kamfanoni irin Zipp ko Mavic ba shaida ba ce, jabu sun cika kasuwa. Tsofaffin ƙafafun kuma kada ya sayar, da su zai riƙa atisaye, sababbin sai ranar gasa da 'yan kwanakin sabo da su.

Ka kira shi ka ce ya kawo keken da kansa, da takalmin da yake hawa da shi. Ka tambaye shi a minti nawa yake cin kilomita 40 yanzu, da garin da za a yi gasar, da watan da za a yi ta. Za mu ɗaura masa sanduna, mu gyara sirdi, mu sauya taya, ya je hanyar Wamakko da sassafe kafin motoci su yi yawa ya gwada da agogo, sannan a yi maganar oda.