Alhazai Sun Tafi, Sun Bar Ni Da Kewa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Bana na yi aikin sa kai, ina wa tsofaffin alhazanmu tafinta da rakiya. Akwai wata tsohuwa da na tura a keke daga Mina har Jamrat, ta riƙa ce mini ɗanta. Motarsu ta tashi Jidda ban ma sani ba. Tun ranar komai ya fita a raina. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena, ba ciwo ba ne, sabo ne, wanda Hausawa suka ce turken wawa. Kwanakin aikin ba su da yawa, daga 8 zuwa 12 ko 13 ga Zulhijja, amma wanda kuka sha ranar Arfa tare, kuka kwana a tsakuwar Muzdalifa, ya fi maƙwabcin shekara shiga rai.

Inda ka yi kuskure shi ne jiran ranar tafiya. Alhaji ba shi da iko da lokacinsa. Da dare za a ce a fito da jaka, kafin asuba masauki ya zama kango. Kuma bayan ɗawafin bankwana ba a son mutum ya tsaya zama a Makka. Saboda haka baɗi, in Allah ya kai mu, ka yi sallamarka tun an dawo daga Mina. Ka zauna gaban tsohuwar da ka raka, ka ce "Hajiya, a yafe mini," ka yi mata addu'ar da Ibn Umar ya ruwaito daga Annabi (SAW): "Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika." Lambar da za ka karɓa ta gida ce, ta ɗanta ko jikanta, don layin Saudiyyan nan a jaka zai mutu. Kada kuma ka ce "zan zo har ƙauyenku" alhali ka san da wuya. Tsoho yana riƙe alkawari, zai yi ta duban hanya.

Ita wannan tsohuwar da ta riga ta tafi, tambayi jami'an jiharsu ko malaminsu, da wuya a rasa mai lambar.

Sai batun waɗanda ba sa tafiya. Mun cika manne wa baƙi, mu manta da 'yan gari. A Makka da Madina akwai gidajen da ake kira Hausawi, Barnawi da Fallata, jikokin waɗanda suka zo a ƙasa ta Sudan suka haye Bahar Maliya. Wasu Hausarsu ta sirka da Larabci, amma ka gaishe su da "ina wuni" ka ga fara'a. Sai dai ka kiyaye kalmar "Takari", da yawa suna jin ta kamar gori. Abokan da kuka tura keke tare, ɗan Indonesiya ne ko ɗan Sudan, gayyace su shayi tun kafin karatu ya kankama, don da an shiga jarrabawa kowa zai kama gabansa.

In kuma an yi makonni barci da abinci sun ƙi, karatu ya tsaya, je asibitin jami'a ka ga likita.