Na Yarda da Mai Gidan, Sai Na Ɗauki Lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gidan da nake son saya, mun daidaita da mai shi ta hannun dillali, har ya nuna mini takardu. Mutumin kirki ne, na daɗe da saninsa. Shin sai na ƙara kashe kuɗi wajen ɗaukar lauya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki lauya, kuma tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Ba halin mai gidan lauya zai bincika ba, tarihin gidan zai tona. Takardar da aka nuna maka tana iya zama ta gaskiya, alhali gidan na jingine a banki, ko ana shari'a a kansa. Lauya zai je ofishin rajistar filaye ya ga sunan wa ke rubuce, ko an taɓa sayar wa wani, ko iyakar da ke kan taswirar safiyo ta yi daidai da inda katanga take. Dillali ba zai yi maka wannan ba, domin la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa.

Inda aka fi kuka shi ne gidan gado. Na taɓa riƙe wata shari'a: babban wa ya sayar, mai saye ya canja kwano, ya yi fenti, ya tare da iyalinsa. Ana nan sai ga ƙanwar mai sayarwar da takardar sammaci, wai ba da saninta aka yi ba. Kuma gaskiyarta ce, babu sa hannunta ko'ina. Shi kansa wan bai nufi cuta ba, ya ɗauka girma ya ba shi iko. Da an tambayi su wa da wa ke da haƙƙi a gidan, da ba a je kotu ba.

Sai yarjejeniya. A ciki ake rubuta ranar miƙa makulli, wanda zai biya haraji da tsofaffin basussukan wuta da ruwa, makomar 'yan haya idan akwai su, da abin da zai faru da kuɗinka idan ciniki ya wargaje. Sau da yawa lauya ne ke riƙe kuɗin amana har a gama sa hannu.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa cinikin gida ba ya kammala sai ta hannun jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, a Amurka kuma jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Kudu sun wajabta lauya ya jagoranci rufe ciniki. Inda ba dole ba ne ma, haɗarin yana nan.

Idan mai gidan ya ce lauyansa zai rubuta muku duka, ka yi godiya ka nemi naka. Bayan biya kuma ka matsa wa lauyan har sai an mayar da sunanka a rajista, ka karɓi shaidar a hannunka.