Kafin ka kai mini jikoki bakin teku

Ɗana, bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu bayan la'asar. Ka ce kana son koyon kamun kifi a bakin teku can Akra ranakun hutu, tare da yaran nan biyu, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda tunda mu ba masunta ba ne, da kuma ko akwai abin da ake yi kafin a taɓa ruwa.

Gaskiya ne, su ba gadonmu ba ne. Kakanka fatauci ya yi, fata da goro. Damagaram kuwa gari ne a kan duwatsu, ruwan sha ma daga Gogo Macaya da Arunguza ake jawo mana shi. Kifin da muka sani shi ne banda ta Diffa, sai ɗanyar karfasa da tarwaɗa na Gidimuni. A da ɗan maƙeri ƙira yake tashi da ita, ɗan mahauci fawa, ɗan masunci su. Amma ba a taɓa hana kowa jefa ƙugiya ba. Abin da ake ƙi shi ne mutum ya faɗa sana'ar wasu babu sallama. Ta fuskar addini hankalinka ya kwanta: aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, hadisi kuma ya tabbatar ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne.

Ina ɗan saurayi an aike ni Gidimuni, gabas da Mirya a kan hanyar Gure. Na sami kara na ɗaura zare, na nufi tafki. Wani dattijo yana zaune gindin dabino yana ɗinkin koma, ya kira ni, ya karɓe fatsar, ya ce ruwan nan yana da masu shi. Na zaci iskoki yake nufi. Kwana uku ina riƙe masa gora kafin ya mayar mini da ita, kuma a kwanakin nan ya nuna mini inda laka ke haɗiye ƙafa har gwiwa, da inda kifi ke ƙwai ba a taɓawa. Aikin Sarkin Ruwa ke nan a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Ko a Argungu ba mai shiga ruwa sai an ba da izini.

To can ma haka ne. Kowace mashigar jiragen su a gaɓar Gana tana da shugaban masunta. Ka je Jamestown ko Tema, ka tambayi inda yake, ka gaishe shi da ɗan abin hannu, ka ce kai baƙo ne kana son koyo. In aka ce sai da giya ko zuba wa ruwa wani abu, ka ba da haƙuri cikin ladabi, wannan ba namu ba ne. Ranar Talata kuwa ba su fita teku, rana ce ta gyaran koma da hutu. Kai ma ka ajiye sandarka ranar. Ba don ka yi imani da abin da suka jingina ranar gare shi ba, don haƙƙin masu masauki.

Yanzu maganar da ta hana ni barci, ta yara. Ka tuna yadda uwayenku ke kora ku daga tafkunan gari da damina, suna cewa akwai dodo? Dodon nan zurfi ne da santsi, mun binne yara saboda su. Teku ya fi tafki nesa ba kusa ba, domin tafki yana kwance, shi kuwa yana tafiya. Ranar da na fara tsayawa a bakinsa a Tema, lokacin da nake bin motocin goro, ruwan iyakarsa idon sawu, amma da igiya ta koma sai na ji yashi na zarewa ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana jan tabarma. Ni ƙato na yi tangaɗi, ina ga amaryata mai shekara 4?

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ya fi tumbatsa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, saboda haka lissafin watanmu zai yi maka amfani. Dutsen da ka zauna a kai da hantsi, da azahar yana iya nutsewa. Akwai kuma wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, sau da yawa nan ne ya fi kama da mai lafiya, ba kumfa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa. Masunta su nuna maka wuraren da ido.

Ka fara zuwa kai kaɗai sau uku ko huɗu, sai hannunka ya faɗa. Ranar da za ka kai su, ku je da uwarsu ko wani babba wanda aikinsa kallon yara kawai, domin mai fatsa idonsa na kan zare. Ku zaɓi inda ruwa ke kwance, su sa rigar da ke hana nutsewa, awa ɗaya ta ishe su. Ka matse ƙayar ƙugiya da filaya, in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi, kuma kada kowa ya tsaya bayanka in za ka jefa. Jatan lande ko yankan ƙaramin kifi ya isa koto. Kifin da ba ka sani ba kada yaro ya taɓa. Akwai mai ƙaya irin ta kurungu, akwai mai kumbura kamar talibambam, shi wannan dafi gare shi, ba a cin sa. In kun dawo ka ɗauraye kayan da ruwan famfo, gishiri na cin ƙarfe.

Kifin farko da babban ya kama, in ya kai ci, a soya a ɗiba wa maƙwabta, haka muke yi da nunan fari. Maganar jirgi kuwa a bar ta tukuna. Ka rubuto mini ko yaron ya iya iyo, da wanda ya koya masa. Ka gaida maiɗakinka.